Daga Jinga Zuwa Kuɗin Yini: Ɗan Tarihin Ladan Magini

Bayan damanar 2024 ne mahaifinmu ya ce sai an ƙara ɗaki a gidanmu na Damagaram. Yayana zai yi aure, ga shi kuma ruwan wannan shekara ya cinye gindin katangarmu ta yamma. Duk wanda yake ƙasar nan a lokacin bai manta ba: Maraɗi ta sha ambaliya a ƙarshen watan Agusta, a farkon Satumba kuma tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe. Da yake ina hutu, ni aka ɗora wa neman mai gini, wai ni ne ɗan lakkwal, na iya lissafi.

Mutum biyu na samo. Na farko saurayi ne, maso, mai aikin bulo da siminti. Bai ɓata lokaci ba: jika biyar a yini, lebura biyu kowanne jika biyu da rabi, abincin rana a kanmu, a kuma ba shi abansi. Na biyu dattijo ne, maginin ƙasa, wanda mahaifinsa ne ya gina soron kakanmu. Na ce masa: "Baba, nawa ne yininka?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce: "Yaro, ni ba na sayar da yini. Ka nuna mini wurin ɗakin mu yi jinga."

A lokacin na ɗauka salon ciniki ne kawai. Sai daga baya na gane mutanen nan biyu ba farashi ne ya raba su ba, zamani ne. Abin da nake so in nuna a nan shi ne, kuɗin yinin da muke ɗauka kamar tun fil azal haka ake biyan magini, sabon abu ne a ƙasarmu, kuma ba kowane irin gini ne yake shiga cikin ma'auninsa ba.

Mu fara da kalmomin, tunda nan ne fannina. "Magini" Bahaushiyar kalma ce tsantsa, daga "gina", kamar yadda "maƙeri" ya fito daga "ƙera", "majemi" daga "jeme". "Maso" kuwa aro ce daga Faransanci, maçon. Ka tsallaka iyaka zuwa Daura ko Katsina, can "birkila" za ka ji, daga Ingilishi. Yaren bai jefar da tsohuwar kalma ba, sai ya raba musu aiki: in ka ce maso, siminti ake hange, in ka ce magini a cikin Birni, ƙasa ake hange. Haka kayan aikin ma. Tubali, azara, makuba, indararo, zanko, duk namu ne. Siminti, bulo, lebura, shantiye, duk baƙi ne. Harshe dai ba ya aron kalma a banza, sai wani abu ya shigo.

Kafin zuwan Nasara, gini sana'ar gado ce mai sarautarta. A manyan birane akwai Sarkin Magina, shi ke raba aikin fada, shi ke sasanta rigima tsakanin magini da mai gida. Sunayen wasu gwanaye ma sun tsira, kamar Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A nan Damagaram, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, aka kewaye Birni da ganuwa. Kada mu yi wa tarihi kwalliya: irin wannan babban aiki ba lada ake biya a kansa ba. Bayi da talakawa ne suka ɗauki ƙasar a ka, gwanaye suna tsarawa.

Gidan talaka kuwa da hannun dangi ake tashinsa. Bayan girbi, in aikin gona ya sarara, mai gida da ƴaƴansa su haƙo ƙasa, su jiƙa, su tattake ta da ciyawa, su mulmula tubali su shanya. In aikin ya fi ƙarfinsu a kira gayya, a dafa tuwo, a dama fura. Ba a kiran magini sai an zo inda ake bukatar ido da sani: daidaita bango, jera azarar giginya, ɗaura bakan gizo. Shi ake yi wa jinga, wato a shirya a kan aikin dungurungum, ko ya ɗauki kwana goma ko wata biyu. Bayan kuɗin akwai ci, akwai goro, wani lokaci da damin hatsi ko riga. Ƙodago, wato aikin ƙarfi don a biya ka, yana nan tun da, amma ba shi ne ma'aunin gwani ba.

Me ya sa jinga? Dalilin yana cikin ƙasar kanta. Ƙasar gini sai ta kwana tana jiƙa kafin ta yi danƙo. Bangon tubali ba a tashinsa gaba ɗaya. A ɗora ƴan layuka, a bari su sha iska su bushe, sannan a ƙara. In ka yi gaggawa, ɗanyen bango ya kasa ɗaukar nauyin kansa. Ke nan magini yana iya yin aikin hantsi ɗaya a gidanka, ya wuce wani gida, sai jibi ya dawo. To wannan yini nawa ne? Kuma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka rufe ɗaki. Gidan ƙasa yana son yaɓe kafin damana, yana son a duba indararo, a toshe tsaga. Wanda ya gina shi ya san lagonsa, shi ake kira, bayansa kuma ɗansa. Jinga ba cinikin rana ɗaya ba ce, zumunci ne ake ƙullawa tsakanin gida biyu.

Faransawa sun shigo Damagaram a 1899, kuma garin ne hedkwatar mulkinsu har 1926 da aka mai da ita Yamai. Sun buƙaci bariki, ofisoshi, hanyoyi. Yawancin wannan aiki da tilas aka yi shi: a ɗora wa kowane gari adadin mutane da adadin kwanaki. A nan ne aka fara ƙirga aikin mutum da kwana a cikin littafi, a kira suna da safe, a tashi da yamma. Ga kuma haraji da aka ce sai da kuɗin Nasara, abin da ya tura manoma neman aikin lada da rani. Ba a soke aikin tilas ba sai a Afrilun 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Tilas ta tafi, amma littafin kwanaki ya zauna. Lebura ya zama mai sayar da yininsa, a biya shi da sefa, kuɗin da aka ƙirƙiro a Disamban 1945.

A wannan shekara ta 1945 ne Gulbi ya cika ya ci tsohuwar Maraɗi da ke cikin kwari, aka sake zana garin a kan tudu da tituna miƙaƙƙu. Daga nan kuɗin gyaɗa ya shigo hannun alhazan Maraɗi da Damagaram, kwano da siminti suka zama alamar mutum ya samu. A shekarun 1960 masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki. A shekarun 1970 kuɗin uraniyom ya cika Yamai da shantiye, kuma da yawa daga masu aikin siminti na lokacin mutanen Togo da Benin ne; a hannunsu samarinmu da dama suka koyi riƙe cokalin gini. Siminti kuwa ya dace da agogo. In an kwaɓa shi ba ya jira, bulo kuma duk girmansu ɗaya, ana iya ƙirga nawa mutum ya jera daga safe zuwa la'asar. Abin da ake iya ƙirgawa ana iya sa masa farashin yini. Ka ga ke nan kuɗin yini da bulo tare suka girma.

Wannan ba ya nufin ginin ƙasa ya tsaya. A 1962 mutanen Yama, a jihar Tawa, suka ɗora wa wani manomi magini, Falke Barmu, ginin masallacin Juma'arsu. Kowane gida ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace. A 1986 masallacin ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan. Wajen 1980 kuma aka fara gwada gini marar itace a Cikal, kusa da Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubali kaɗai ba azara, don giginya ta yi wuya. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Abin mamaki, duniya na ba ginin ƙasarmu lambar yabo, mu kuma a gida muna ce masa ginin wanda bai samu ba.

Yanzu mu dawo kan lissafin da aka sa ni. Jika biyar, dala dubu ke nan, sefa 5,000. In maso ya yi kwana 26 a wata zai tashi da 130,000, fiye da ninki uku na mafi ƙarancin albashi, wanda aka mai da 42,000 a farkon 2024. Da na ga wannan adadi sai na ji kamar ana cutarmu. Amma wane maso ne ke samun kwana 26? In siminti ya yanke wa mai gida, aiki ya tsaya, yinin ya faɗi. In ruwa ya sauko, ya faɗi. In ya zamo daga kan bango, ba wanda zai biya masa asibiti. Lebura kuwa, sai ka auna yininsa da kayan da yake ɗauka. A Oktoban 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta ƙayyade tan ɗin siminti a 55,000 a Yamai. Tan buhu 20 ne, buhu ɗaya ya kama 2,750. Wato leburan da muka biya 2,500 ya yini yana sungumar buhun da yininsa duka bai saye shi.

Kowane tsari da inda yake ɗingishi. In ka biya da yini, ma'aikaci ba ya gaggawa, aikin kwana goma sai ya haifi sha biyar. In ka yi jinga da mai siminti, gaggawar ce za ta yi yawa, a matsa wa buhu ya haifi bulo fiye da ƙimarsa, a hana bango ruwan da zai sha ya yi ƙwari. A da abin da ke tsare mai gida shi ne magini zai dawo baɗi, kuma unguwa duka ta san aikin wane ne. Yau maso ya gama ya hau babur, ba lalle ka sake ganinsa ba. Shi ya sa mai gida ke yini a tsaye a kan shantiye kamar dogari.

Mu dai maso muka ɗauka. Inna ce ta yanke magana, ta ce ba za ta sa amarya a ɗakin da za ta riƙa kwana da fargaba duk daren da hadari ya haɗo ba. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a shekarar ba zai ga laifinta ba. An yi ɗakin a kwana 18, ya yi kyau, sai dai a watan Afrilu ba ya shiguwa da rana, kwano ya mai da shi tanda. Yayana da matarsa a tsohon soron kakanmu suke shan iska.

Dattijon kuma an kira shi ya gyara katangar yamma, ya yi wa soro yaɓe. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ya faɗi jingarsa, ni kuma na zaro alƙalami na raba ta da awannin da na ga yana aiki, na ce: "Baba, ai wannan ya fi yinin maso tsada." Ya ce: "To, ɗan lakkwal, kwanakin da ƙasar ke jiƙa, da waɗanda nake zuwa in taɓa bango in koma, a wane layi ka rubuta su?" Na rasa amsa, amma duk da haka sai da na rage masa jika uku, kuma ya karɓa, don aiki ya yi masa wuya. Da muna hira ya ce mini ƴaƴansa maza uku ba wanda ya gaje shi. Ɗaya yana kabu-kabu, biyu suna bin maso. Bai zarge su ba. Ya ce yaro yana son ya san abin da zai shigo aljihunsa da magariba.

Wannan ita ce asarar da ba ta fita a lissafi. Ruwan 2024 ya rusa gidajen ƙasa masu yawa, gaskiya ne. Amma a unguwarmu na lura da yawa daga waɗanda suka faɗi sun shekara da shekaru ba yaɓe, indararonsu a toshe, ko an gina su a hanyar ruwa. Gidan ƙasa da mai kula da shi ake gina shi. In mai kulawar ya bar sana'a saboda ma'aunin da muke biya da shi bai san aikinsa ba, gidan zai faɗi, mu kuma mu ce laifin ƙasa ne.

Ba cewa nake a bar siminti ba, ko a koma zamanin gayya. Abin da nake roƙon ƴan'uwa ɗalibai biyu ne. Na ɗaya, da yawanmu mu ake turawa ciniki a gida saboda mun yi boko. Kafin mu zaro alƙalami mu tambayi kanmu me muke saye, awanni ko sani. Na biyu, wanda duk yake da tsohon magini a unguwarsu, a Tawa ne ko Tasawa ko Mirya, ya je ya zauna da shi, ya rubuta sunayen kayan aikinsa da na kowane sashe na ɗaki, da yadda ake biyansa yana saurayi. Ni na fara. A zama biyu na cika shafi huɗu, kuma rabin kalmomin ban taɓa jinsu ba, ni da nake karatun harshe a jami'a. Jika ukun nan ma na mayar masa da bursi ya fito. Ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka, sannan ya ce in gaya wa Baba indararon gabas yana son dubawa kafin ruwan fari.