Daga Bango zuwa Riga: Tarihin Wani Ado a Ƙasar Hausa

A kasuwannin Maraɗi, Tibiri da Gidan Runji, ido ya saba da samari sanye da riguna masu manyan haruffa a murɗe, launi bisa launi, kamar daga jikin katanga aka ɓamɓaro su. Dattawa na ɗaukar abin baƙon ado, kuma suna da hujja. A shekarun 1970 ne matasan birnin Niyok na Amurka suka shiga fesa sunayensu da fenti a jikin jiragen ƙasa da katangu. A 1986 Keith Haring, wanda ya yi suna da zanen alli a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya buɗe shagon Pop Shop, inda ake sayar da zanensa bisa riguna. Mawaƙan rap suka yaɗa salon a duniya, har ya iso Nijar a shekarun 1990.

Sai dai zumuncin bango da tufa ya daɗe a ƙasar Hausa. A shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Jumu'a na Zariya, ya ƙawata cikinsa da zayyanar laka. A unguwar Birni ta Damagaram, har gobe ana ganin gidaje masu ado a fuskar zaure. Duk wanda ya dubi irin waɗannan gine-gine, sannan ya dubi aikin babbar riga, zai tarar da dangi ɗaya: dagi, da tambari, da aska. Magini na koyi da aljihun rigar maigida, maɗinki na koyi da ƙofar zaurensa. Dagi ma ya zarce bango da riga, ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello.

Maginan nan ba su juya wa zamani baya ba. Da siminti ya samu, sai kekuna, motoci da jiragen sama suka hau bango. Anthony Kirk-Greene ya wallafa littafi kan gidajen Zariya masu ado a 1963, David Heathcote kuma ya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Daga hannun magina, sana'ar ta gangaro ga masu fenti. Su ne ke zana zaki, mikiya da karin magana a jikin manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano. Su ne ke rubuta allunan teloli da masu aski. Bayan Taron Ƙasa na 1991, jam'iyyu suka yawaita, kowace na bukatar alamarta a katanga da kuma ƙirjin magoya bayanta. A wannan zamani ne fadodin samari suka bazu a birane, kowace fada na rubuta sunanta a bangon da take zaman shayi, al'adar da Adeline Masquelier ta yi nazarinta a littafinta na 2019. Sau da yawa, hannun da ya rubuta sunan a bango shi ne ke buga shi bisa rigunan anko ranar biki ko wasan ƙwallo.

Abin takaici shi ne, tarihi ya riƙe sunan Durugu, ya saki na ɗimbin magina da masu fenti. Damina na cin bangon laka, sabon fenti na shafe tsoho, injin bugawa da kwamfuta kuma na janye aiki daga mai buroshi. A Dakar, bikin Festigraff da Docta ya kafa a 2010 ya bai wa masu zanen bango dandalin da ake sanin su da sunansu. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na jahar Maraɗi na iya somawa da abin da ke kusa: ɗaukar hoton zanen da ya rage, daga Gazawa zuwa Gidan Sori, da rubuta sunan mai aikin da na wanda ya koya masa, tun masu ba da labarin suna raye.