Auna Al'adar Wasu da Mudun Gida

Hirodotas, masanin tarihin Girka, ya ruwaito cewa Sarki Dariyus na Farisa, wanda ya hau mulki a 522 kafin Miladiyya, ya tambayi Girkawa nawa za a biya su su ci gawar iyayensu. Suka ce faufau. Sai ya tambayi wasu Indiyawa masu cin gawar iyaye ko za su ƙone ta, yadda Girkawa ke yi. Suka yi kururuwa. Kowannensu ya ɗauki al'adarsa mudun awon ta kowa, ɗabi'ar da Ba'amurke William Sumner ya fayyace a 1906. Mu ma "gwaranci" da "Banza Bakwai" shaida ne a kanmu. Saboda haka wajibi ne manazarci ya fahimci al'ada daga bakin masu ita kafin ya yanke mata hukunci.