Jakar da Wata Nas Ta Ƙera Domin 'Yar'uwarta

Idan likita ya ce za a cire babban hanji, a buɗe ƙofa a gefen ciki inda bayan gida zai riƙa fita, yawancinmu ba wuƙar muke tsoro ba. Wari muke tsoro, da zama cikin jama'a.

Tsoron yana da asali. A 1793 wani likitan Faransa, Duret, ya buɗe wa jariri irin wannan ƙofa a Brest, yaron ya rayu shekara 45. Amma har bayan ƙarni guda, da tsumma da soso da gwangwani ɗaure da bel marasa lafiya ke tare abin da ke fita. Fata ta ɗaye, tufafi su ɓaci.

A 1952 Bryan Brooke na Birmingham ya soma juyo bakin hanjin waje yana ɗinke shi da fata, kumburi ya ragu. Gyaran da ya fi taɓa rayuwa, a ganinmu, daga wata nas ya zo. A 1954 a Danmak, Elise Sørensen ta ga 'yar'uwarta Thora ta daina fita bayan tiyata, sai ta ƙera jakar leda mai mannewa a fata, a cire a yar. Daga nan kamfanin Coloplast ya kafu a 1957.

Yau kuɗin jakar muke lissafawa kafin mu sa hannu a takardar tiyata, domin bayan 'yan kwanaki ake canja ta, ga wasu har ƙarshen rayuwa.