Malamar 'yan tawayen Zariya

Duk wanda ya shiga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, kafin hannunsa ya saba da burushi zai ji labarin 'yan tawayen Zariya. Haka aka ba mu shi, haka mu ma muke bai wa na bayanmu. A 1958 wasu samari ɗalibai suka kafa ƙungiya a kwalejin da daga baya ta zama jami'ar, suka ce sun gaji da kwaikwayon Turawa, za su ɗauki dabarar Turai su haɗa da abin da suka gada a gida. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, shi ne jagoransu, tare da Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke da wasu. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma kowannensu ya je ya kafa gidansa: Uche Okeke ya raya zanen uli na Ibo a Nsukka, Grillo ya riƙe sashen zane na kwalejin Yaba, Onobrakpeya kuma ya zama uban masu buga zane a ƙasar nan.

Labarin gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne yadda muke raba shi gida biyu, ɗalibai baƙar fata a nan, malamai Turawa a can, alhali a ɗakin malaman akwai wata 'yar Nijeriya, haihuwar Kano, mai suna Clara Etso Ugbodaga.

Iyayenta mutanen Edo ne. Ta fara da koyarwa a makarantun mishan, sannan a 1950 ta samu tallafin karatu ta tafi Landan, makarantar zane ta Chelsea. Ta kammala a 1954, ta ƙara da diflomar koyar da zane a Jami'ar Landan. A 1955, shekarar da aka ɗauko sashen daga Ibadan aka dawo da shi Zariya, ta kama aiki a ciki, mace 'yar ƙasa ta farko da ta koyar a wurin. Ta zauna har 1964. Ke nan samarin da muke yabo a gabanta suka shigo, a gabanta suka yi tawayensu, a gabanta suka fita.

A shekarar da aka kafa ƙungiyar, ita tana baje kolin zanenta ita kaɗai a Cibiyar Ƙasashe Rainon Ingila da ke Landan, abin da wata 'yar Nijeriya ba ta taɓa yi ba kafin ita. A 1960 ta yi zanen nan da ake kira Abstract, wanda yanzu yake Jami'ar Birmingham: babu fuska, babu gida, babu itace, sai siffofi da launi suna ture juna. A lokacin nan manhajar Ingila ta fi nauyi wajen zana abu yadda ido ya gan shi. Wadda ta yi irin wannan aiki ba za a sa ta cikin sahun masu tsaron tsohon tsari ba. Ta kuma zana mutanen da take gani a titi, matan kasuwa da mabarata da mai sayar da bammi. Ni a ganina, ɗalibi ɗan shekara ashirin da ke tambayar kansa ko baƙar fata zai iya tsayawa da ƙafarsa a wannan fage, ya riga ya ga amsar tana wucewa ta gabansa kowace safiya.

Me ya sa sunanta ya yi ƙasa? Wani ɓangare na dalilin yana cikin aikin koyarwa kansa. Wanda bai taɓa riƙe 'yan aji ɗaya ba ba zai san yadda yake cin mutum ba. Ka ajiye tulu da ƙwarya a kan tebur, ka raba gawayi da takarda, ka yi ta zagayawa ta bayansu. Wannan ya miƙe hannu da fensir yana auna tsayin tulun da babban yatsa, ido ɗaya a rufe, amma ya lanƙwasa gwiwar hannu, awon ya ɓaci. Wancan ya zana bakin tulun da'ira cikakkiya, don haka ya san shi a kansa, bai duba yadda yake daga inda ya zauna ba. A ɗakin buga zane kuma, yarinya ta kwana biyu tana sassaƙa katako, ta shafa tawada, ta ɗora takarda ta murza da bayan cokali, ta ɗaga, sai ta ga sunanta ya fito a juye, don ba ta tuna cewa komai yana juyawa a bugu ba. Ka zaunar da ita, ka ba ta sabon katako. Yini ya ƙare ba ka taɓa naka zanen ba. Bayan shekara ashirin idan ɗalibin ya shahara, sunansa ne kawai a ƙasan aikin.

Sauran dalilin kuwa namu ne, mu masu ba da tarihi. Malama Clara ta auri likitan tiyata ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, wanda daga baya ya zama ministan lafiya a ƙasarsu, sunansa ya ƙaru a kan nata, rayuwa ta raba ta tsakanin ƙasashe biyu. Ba ta kafa ƙungiya ba, ba ta da almajiran da ke kiran kansu da sunanta. Su kuwa 'yan tawayen sun rubuta manufarsu, sun ajiye takardu, sun yi ta hira da 'yan jarida, kuma marubuta tarihi sun fi bin inda takarda take. Ladi Kwali maginiyar tukwane, wadda jami'ar nan ta ba digirin girmamawa a 1977, kowa ya san fuskarta a bayan naira ashirin, kuma ta cancanta. Malama Clara kuwa sai a 'yan shekarun nan aka fara maido ta cikin labarin, kuma gidajen tarihin Ingila da Amurka ne suka fi yin hakan, don a can wasu daga cikin ayyukanta da aka sani suke rataye.

Duk shekara ɗalibai mata suna zuwa neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai. Ina tura su kanta. Su fara da jerin ayyukanta, kowanne da shekararsa da inda yake a yau, sannan su nemi tsofaffin da suka zauna a ajinta, waɗanda suka rage, su tambaye su yadda take gyara hannun ɗalibi.