Daga Kurkuku Zuwa Sauraro: Yadda Jinyar 'Yan Ƙwaya Ta Sauya a Amurka

A shekarar 1914 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar Harrison, wadda ta wajabta rajista da biyan haraji a kan masu sayar da ofiyom da mofin da hodar iblis. A takarda dokar haraji ce, amma jami'an gwamnati suka ce duk likitan da ya ci gaba da rubuta mofin ga wanda ya riga ya kamu, don kada ciwon rashinsa ya kayar da shi, ya taka doka. Kotun Ƙoli ta mara musu baya a 1919. Aka yi ta kama likitoci, aka rufe ƙananan asibitocin da birane suka buɗe wa mashaya, na garin Shreveport ya bi sahu a 1923. Daga nan ɗan ƙwaya ya fita daga hannun likita, ya koma na 'yan sanda.

Da gidajen yari suka cika, gwamnati ta buɗe wani katafaren gida a Lexington ta jihar Kentucky a 1935, rabinsa asibiti rabinsa kurkuku. Akwai fursunoni, akwai kuma waɗanda suka kawo kansu. Mutum zai sha wuyar kwanakin farko, da amai da gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, sannan a tura shi gona ko kiwon shanu, da tunanin cewa iskar karkara da aiki za su gyara shi. Jikin kan murmure kuwa. Amma da masu bincike suka bi sawun waɗanda aka sallama, sai suka tarar kusan tara cikin goma sun koma ruwa, galibi cikin 'yan watanni. Raba jiki da ƙwaya aikin makonni ne. Unguwar da mutum zai koma, da abokansa, da damuwar da ta tura shi tun farko, duk suna nan suna jiransa.

A shekarar da aka buɗe Lexington ne wasu mashaya barasa biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka haɗu a Akron ta jihar Ohio, suka lura cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana su komawa kwalba. Wannan ne asalin ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda littafinta mai matakai 12 ya fito a 1939.

Ba kowane wanda ya fito daga cikinta ne ya ɗauki salonta na tausasawa ba. Ɗaya daga cikinsu, Charles Dederich, ya kafa Synanon a Kalifoniya a 1958, bisa aƙidar cewa ɗan ƙwaya maƙaryaci ne da sai an karya girman kansa. Ana zaunar da mutum a tsakiyar da'ira, a yi masa ca da zagi da gori. Synanon ta rikiɗe ta zama ƙungiyar tashin hankali, har 'ya'yanta suka saka wa wani lauya maciji a akwatin wasiƙunsa a 1978. Abin takaici, salonta ya riga ya bazu cikin cibiyoyin jinya da dama, inda tsawa ta zama kamar ita ce ƙwarewa.

A ɓangaren magani, Vincent Dole da Marie Nyswander, wadda ta taɓa aiki a Lexington, suka wallafa sakamakon gwajinsu na metadon a 1965. Shan sa sau ɗaya a rana ya kwantar wa masu hiroyin da ƙwaɗayinta har suka koma aiki da makaranta.

Babban sauyi a fagen ba da shawara ya zo ne daga William Miller, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar New Mexico. Yana hutun bincike a wani asibitin mashaya kusa da Bergen ta ƙasar Norway, sai matasan ma'aikata suka riƙa tsare shi da tambayar dalilin kowace kalma da yake faɗa wa majinyaci. Amsoshin suka zama maƙalarsa ta 1983. Abin da ya gano shi ne mashayi zuciyarsa biyu ce, yana son bari yana kuma son sha. In ka tsaya masa a ka da hujjar bari, shi kuma zai kama kare shan. Aikin mai shawara shi ne ya yi tambaya, ya saurara, har dalilin barin ya fito daga bakin mai shi. Binciken da Miller da abokansa suka fitar a 1993 ya nuna cewa gwargwadon yadda mai shawara ya yi fito-na-fito da mashayi, gwargwadon yawan barasar da yake sha bayan shekara guda. Alan Marlatt kuma, a littafinsa na 1985, ya koyar da cewa tuntuɓe ɗaya ba rushewar jinya ba ce, abin dubawa ne a gano me ya jawo shi.

Mu a nan wannan tarihi bai yi mana nisa ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A watan Satumban 2019, shekara 36 bayan maƙalar Miller, 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a raba su da shaye-shaye.