Baƙon da Ya Zauna a Kongle

Garin Poli yana kudu da Garwa, a gindin duwatsu, shi ne kuwa hedkwatar yankin Faro a arewacin Kamaru. A kewayensa akwai mutanen da ake kira Dowayo. Amma wanda ya buɗe tsofaffin takardun Turawa, sunan da zai fi gani shi ne Namci, sunan da Fulani suka laƙaba musu, su kuwa ba sa sonsa. Ga yadda sunan ya shiga takarda. Jamus ta ci Garwa a 1901, Faransa ta karɓi ƙasar bayan 1916, dukansu kuwa ta hannun su Lamido suke mulki, da Fulatanci kuma suke tambaya. Baturen da ya hau dutse da tafinta Bafulatani, abin da tafintan ya faɗa shi ne yake shiga littafi. Haka aka zuba kabilu masu yawa a kwando ɗaya aka ce musu Kirdi, wato arna. Har littafin da Bertrand Lembezat, jami'in mulkin Faransa, ya fitar a 1950, da wannan suna ya fito.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 wani masani ɗan Ingila, Nigel Barley, ya zo da wata hanya dabam. Bai tsaya a fada ba. Ya tafi ƙauyen Kongle ya zauna fiye da shekara, yana koyon harshen. Masana suna ganin wannan hanya ta fi, gama mai bincike yana gani da idonsa.

Ido kuwa bai isa ba. Harshen Dowayo yana da karin sauti, kamar yadda Bahaushe yake bambanta kukan yaro da itacen kuka. Barley ya faɗa da kansa cewa kuskuren sauti ya sha mai da maganarsa ta ladabi ta zama batsa. Dole ya jingina ga tafinta, saurayi Kirista mai jin Faransanci. To, dattijon da yake riƙe da asirin ƙoƙunan kawunan kakanni, ko asirin kawo ruwan sama, me zai buɗe a gaban yaro, yaron ma da ya bar hanyar? Zancen kaciya kuma ba a yinsa a gaban mata. Ga wata matsala wadda ta fi waɗannan wuya: idan ya tambayi dalilin wata al'ada, sau da yawa amsar ba ta wuce cewa haka kakanni suka bari ba. Mutane sukan gaya masa yadda ya kamata a yi, shi kuwa yana neman yadda ake yi. Duk wanda ya taɓa tambayar surukinsa yawan buhunan da ya noma ya san irin wannan amsa.

Tun 1904 Max Weber na Jamus ya ce ra'ayin masani shi ne yake zaɓa masa tambaya, amma kada ya bari ya zaɓa masa amsa. Faɗa da baki ba wuya. Barley ya iso yana zargin 'yan mishan da ɓata al'adu, kamar yadda aka saba a jami'o'insu, sai ya tarar su ne suka ba shi masauki, suka kuma fi shi sanin harsunan ƙasar. Ya amsa wannan a rubuce, abin a yaba ne.

A 1983 ya fitar da littafi biyu. Ɗaya, Symbolic Structures, na masana ne, kome a tsare kamar ba a sha wahala ba. Ɗayan, The Innocent Anthropologist, ya tona yadda aka dafa tuwon: zazzaɓi, jira, rashin fahimta. Na biyun ne ya yi suna. Ya fi gaskiya a kan mai binciken, amma dariyar da ke cikinsa wani lokaci a kan Dowayo take sauka, kuma da Turanci aka rubuta shi, harshen da mutanen Kongle ba sa karantawa.

Daga baya Barley ya komo domin ya ga bikin kaciya, wanda a kansa ya gina yawancin bayaninsa ba tare da ya taɓa gani ba. Ya jira, ya jira. Tsutsa ta faɗa wa gero, ba a yi bikin ba. Ya koma gida ya rubuta A Plague of Caterpillars, wanda ya fito a 1986.