Ka ce motarsu na da haɗari, su maka ka a kotu: tarihin shekara 60 (Zare)

1/ Jama'a, idan mota mai tuƙa kanta ta yi haɗari, ka fito ka ce laifin motar ne, kamfanin kuma ya ce ka ɓata masa suna, wa zai yi nasara a kotu? Rigimar nan ta girmi Tesla da kusan shekara 40. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu fara da 1965. Wani matashin lauya a Amurka, Ralph Nader, ya fitar da littafi mai suna Unsafe at Any Speed. Babin farko a kan Chevrolet Corvair ne ta kamfanin General Motors, mota mai inji a baya. Ya ce yadda aka ƙera ƙafafunta na baya yana sa ta ƙwace wa direba a kwana.

3/ GM ba ta tunkari hujjarsa ba, shi ta tunkara. Aka ɗauko masu binciken sirri suka riƙa bin sawunsa, suna tambayar waɗanda suka san shi game da rayuwarsa, ko za a samu abin kunyata shi. Asiri ya tonu. A Maris 1966 shugaban GM, James Roche, ya ba shi haƙuri a gaban kwamitin Majalisar Dattawa.

4/ Nader ya kai ƙara kan keta masa sirri, a 1970 GM ta biya shi dala 425,000. Mafi girma ma, tun a 1966 aka kafa dokar tarayya ta ingancin motoci, wadda ta bai wa gwamnati ikon gindaya wa kamfanoni ƙa'ida. Sun je kashe wuta, sai suka zuba mata fetur.

5/ Amma ga inda labarin yake da ɗan ƙaiƙayi. A 1972 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta fitar da sakamakon gwaji cewa Corvair ba ta fi sa'o'inta na lokacin haɗari wajen tuƙi ba. Kenan mai suka zai iya zafafawa a kan mota ɗaya, kuma maganarsa ta ceci rayuka. Ku riƙe wannan.

6/ Me ya sa kamfani ke shan wuya idan ya kai mai suka kotu a Amurka? Shari'ar New York Times da Sullivan ta 1964. Kotun Ƙoli ta ce jami'in gwamnati ba zai ci diyyar ɓata suna ba sai ya nuna cewa mai maganar ya san ƙarya ce, ko ya yi ko-in-kula da gaskiyarta. Daga baya aka haɗa da shahararru.

7/ A ajinmu na dokar ɓata suna wannan ne wurin da aka fi cacar baki. Kuskure kawai bai isa ba, sai ka shiga zuciyar mutum ka nuna ya sani. A 1984 kamfanin lasifika na Bose ya je har Kotun Ƙoli da masu mujallar Consumer Reports a kan sharhin da suka yi wa lasifikarsa, ya faɗi a kan wannan ma'aunin.

8/ Sai Suzuki. A 1988 Consumer Reports ta gwada ƙaramar jif ɗin nan Samurai, ta ce tana saurin kifewa a kwana, ba ta cancanci a saya ba. Ciniki ya zube warwas. Suzuki ta ce an sauya hanyar gwajin ne da gangan bayan motar ta tsallake ta farko. Ta shigar da ƙara a 1996.

9/ Shekara 8 ana jan zare. A 2004 suka sasanta, ko sisi ba wanda ya biya wani. To ku lissafa: shekara 8 na kuɗin lauya a kan ƙungiyar da ba riba take nema ba. Ita ta iya jurewa. Ɗan jarida ɗaya tilo ko mai shafin YouTube fa? Wani lokaci shari'ar kanta ita ce horon, ko da ka ci.

10/ Kar ku ɗauka kullum kamfani ne mugu. Nuwamba 1992, shirin Dateline na tashar NBC ya nuna a-kori-kurar GM ta kama da wuta da aka buge ta a gefe, inda tankin mai yake. Masu binciken GM suka gano gawar motocin a wata bola a Indiyana. Ashe ƙananan rokoki aka ɗaura a ƙarƙashi don wuta ta tashi. Tirƙashi.

11/ Fabrairu 1993 GM ta kai ƙarar ɓata suna, washegari NBC ta nemi afuwa kai tsaye a talabijin. Shugaban sashen labaranta ya ajiye aiki. Abin takaicin, akwai iyalan da suka rasa 'yan uwa a gobarar irin waɗannan motoci suna shari'a da GM a lokacin. Maguɗin tasha ɗaya ya raunana kukan masu gaskiya.

12/ Yanzu Tesla. Disamba 2008 shirin Top Gear na BBC ya ce Roadster za ta ƙare caji bayan mil 55 a filin tserensu, alhali kamfanin na cewa tana wuce mil 200. Tesla ta kai ƙara a Ingila a 2011. Kotu ta ce mai hankali ba zai haɗa gudun tsere da tuƙin titi ba. A 2013 ɗaukaka ƙarar ma ta faɗi.

13/ Daga nan aka shiga zamanin manhaja. Mayu 2016 a Fulorida, direban Tesla da ya kunna Autopilot ya mutu bayan motar ta shige ƙarƙashin tirelar da ke tsallaka titi. Maris 2018 a Arizona, motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata mai tura keke. Na'urar ta hango ta kusan daƙiƙa 6 kafin karon, ta kasa tantance mece ce.

14/ Agusta 2022, wani attajiri mai kamfanin manhaja, Dan O'Dowd, ya saki talla a talabijin: Tesla a kan tsarin Full Self-Driving tana take mutum-mutumin yara. Tesla ta aika masa takardar lauya, ta ce ɓata suna ne, ya janye. Ya ƙi. A Fabrairu 2023 ma ya sayi lokacin talla a wasan Super Bowl.

15/ Magoya bayan Tesla suka ce ai O'Dowd yana sayar wa masana'antar motoci manhaja, don haka yana da ra'ayi. Gaskiya ne, kuma ya dace a faɗa. Amma sai wasunsu suka fara tsayar da yara na gaske a gaban mota don ƙaryata shi, har YouTube ya cire wasu bidiyoyin. Wallahi son kamfani ma yana da iyaka.

16/ A watan Fabrairun nan na 2023 aka janye motocin Tesla sama da 360,000 don gyara manhajar Full Self-Driving, saboda NHTSA ta ce tana iya yin ganganci a mahaɗar hanya. Disamba kuma aka janye kusan miliyan 2 saboda Autopilot. Wannan bai tabbatar da bidiyon O'Dowd ba, amma ya nuna tambayar ba ta 'yan hassada kaɗai ba ce.

17/ A Chaina labarin daban ne. Afrilu 2021, a baje kolin motoci na Shanghai, wata mata mai suna Zhang ta haye kan rufin Tesla tana ihu cewa birki ya ƙi ci. Mahaifinta ne ke tuƙi lokacin da suka yi haɗari watanni biyu kafin nan. 'Yan sanda suka tsare ta kwana 5.

18/ Tesla ta ce bayanan motar sun nuna yana gudun kusan kilomita 120 a awa kuma birki ya yi aiki. Ita ta ce a ba ta cikakkun bayanan ta gani. Kamfanin ya kai ta ƙara yana neman yuwan miliyan 5. A 2024 kotu ta ce ta biya wajen yuwan 170,000 kuma ta nemi afuwa, tunda ta kasa tabbatar da zancen birkin.

19/ Binciken kamfanin dillancin labarai na AP a Fabrairu 2025 ya gano Tesla ta kai aƙalla masu mota 6, da masu rubutu a intanet 6, da kafafen labarai 2 ƙara a Chaina. A shari'u 11 da aka samu sakamakonsu, duka ita ta ci. Kamfani ɗaya ne, amma a Amurka takardar gargaɗi ya aika wa O'Dowd.

20/ Ga abin da nake ganin ya sauya. Zamanin Nader ko Suzuki, ka sayi mota, ka kai ta fili, ka auna da kanka. Yau shaidar tana cikin kwamfutar motar da rumbun bayanan kamfani, kuma ana iya sauya manhajar cikin dare ta intanet. Motar da ka gwada jiya, gobe wata ce. Da me za ka kare kanka?

21/ Kuma ba zargi ne kawai ba. Oktoba 2023 a San Faransisko, tasi marar direba ta kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙasa kusan ƙafa 20. Hukumomin Kalifoniya suka ce ba a nuna musu wannan ɓangaren tun farko ba, suka dakatar da lasisin. Mai Cruise? GM. A ƙarshen 2024 ta daina zuba kuɗi a harkar.

22/ Agusta 2025 a Miyami, masu taimaka wa alƙali suka ɗora wa Tesla kashi 33 na laifin haɗarin 2019 da ya kashe wata budurwa, da diyyar kusan dala miliyan 243. Bayanan da kamfanin ya ce bai samu ba, wani gwanin kwamfuta ne ya zaƙulo su daga na'urar motar. Tesla ta musanta ɓoyewa da gangan, ta ce za ta ɗaukaka ƙara.

23/ Akwai magunguna biyu da aka gwada. Kalifoniya tun 1992 tana da dokar da ke bai wa alƙali damar watsar da ƙarar toshe baki da wuri, mai ƙarar ya biya kuɗin lauyan wanda ya kai. Sannan daga 2021 NHTSA ta wajabta wa kamfanoni kai rahoton haɗurran da suka faru a kan waɗannan tsare-tsare.

24/ Wanda ya ce wannan matsalar Turawa ce, ya tuna matar nan da aka kama a 2023 bayan ta yi rubutu a Facebook kan tumatirin gwangwani. A nan ɓata suna laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari, ba diyya kaɗai ba. Kuma motocin da Amurka ta gama da su, mu ne ke saye a matsayin tokumbo.

25/ Matsayata: kamfani na da haƙƙin kare sunansa daga mai ɗaura roka kamar NBC. Amma wanda ke riƙe da shaida shi kaɗai bai kamata ya ce wa kotu mai suka ya kasa kawo shaida ba. Ka buɗe bayanan tukuna, sannan ka kai ƙara. 'Yan ajin lauya da injiniyoyi, ina jiranku a ƙasa, musamman a kan lamba 18.